Daga ofis zuwa kicin: in karɓi aikin ƙaramin kuku ko in buɗe nawa?

Tambaya: Maigida, shekara tara ina aikin ofis, na ajiye na shiga makarantar koyon girki, na kuma gama da sakamako mai kyau. Yanzu wani otal a Abuja zai ɗauke ni ƙaramin kuku, a ƙarƙashin yaran da na girma, albashin kuwa ko rabin wanda na baro bai kai ba. In karɓa, ko in haɗa ɗan abin da na tara in buɗe gidan abincina?

Amsa: Karɓi aikin, ƙanena, kuɗinka kuma bar su inda suke tukuna.

Ba raina ka suka yi ba. Tun wajen 1890 da Bafaranshen nan Auguste Escoffier ya tsara kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan, hawa-hawa ake tafiya: ƙaramin kuku a ƙasa, sai mai riƙe da sashe guda kamar miya ko gashi, sai mataimakin shef, sai shef, wato babban kuku. Hannu ake dubawa, ba a tambayar shekaru. Yaron da ka girma ya yi shekara biyar yana fitar da faranti tamanin a dare ɗaya, ɗanɗanon na farko da na ƙarshe iri ɗaya. Kai a makaranta faranti ɗaya aka ba ka awa guda ka ƙawata.

Watannin farko yanka da shiri za ka yi ta yi: albasa, tattasai, gyaran kaza, dafa romo. Kafin oda ta farko ta shigo, komai naka ya kasance a yanke, a aune, a jere inda hannu zai kai ba sai ka waiwaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga irin abin da makaranta ba ta cika nunawa ba. A ce jalof ta mutum 200. In ka ba kowa giram 100 na ɗanyar shinkafa, kilo 20 ke nan. Sabon kuku sai ya ɗauki lissafin mutum goma ya ninka sau ashirin, ya zuba a tukunya ɗaya. Ƙasa ta yi ƙanzo, tsakiya ta caɓe, sama kuma tsatstsaye. Dalili, ruwan da ke fita a tururi ba ya ninkuwa yadda shinkafar ta ninku, sannan nauyin ta sama yana danne ta ƙasa. Raba ta tukwane huɗu masu faɗi, kilo biyar-biyar, ka rage ruwa, ka rufe sosai, ka sassauta wuta da zarar ta tafasa. Gishiri da attaruhu kuwa, fara da kashi uku cikin huɗu na lissafinka, ka ɗanɗana sannan ka ƙara.

Wani abin da ke korar kuku daga aiki shi ne cikin baƙo ya ɓaci. Tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Celsius ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Kaza sai ta kai 75 a ma'aunin zafi, a kaurin cinya, kada tsinken ma'aunin ya taɓa ƙashi. Shinkafa ta fi yaudara, domin akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa, in aka bar tukunya ta kwana da ɗumi sai ta saki guba, ɗumame kuma ba ya kashe gubar. Ƙa'ida ita ce a sauko da dafaffen abinci daga 60 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan zuwa 5 cikin awa huɗu. To a watan Afrilu, kicin ɗin kansa ya haura 35, iska ba za ta yi maka wannan aikin ba. Baza ta a tire, kaurin kada ya wuce santimita biyar, ka ɗora tiren kan ruwan ƙanƙara. Ɗanyen nama a hawan ƙasa na firiji yake zama don kada jininsa ya ɗiga kan wani abu. In an ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, firiji a rufe yana riƙe sanyi wajen awa huɗu, saboda haka hana yara buɗe shi.

Sai kuɗi, inda shekarunka na ofis za su yi maka rana. Ka sayi nama kilo goma, ka cire ƙashi da kitse da jijiya, sau da yawa kilo bakwai zai rage. Ya dahu ya tsuke, ya koma wajen biyar. Kilon da ke kan faranti ya ninka na mahauta a tsada ke nan, kuma wanda ya yanka farashi da kuɗin mahauta yana ciyar da jama'a ne daga aljihunsa. Kayan abinci su tsaya wajen kashi 30 cikin 100 na kuɗin faranti, ragowar na gas ne da haya da albashi da dizal. Kuku da yawa sun iya miya amma littafin sito yana ba su tsoro. Kai nemi a bar maka shi, shef zai san da zamanka da wuri.

Jiki ma zai biya nasa. Tsayuwar awa goma zuwa sha biyu ce, ranar Sallah da Kirsimeti kana bakin aiki, da azumi kana gaban wuta. Sayi rufaffen takalmi marar santsi, ka zauna da iyali ku yi lissafin sabon albashin tun kafin ƙarshen wata ya zo muku da shi.

Ka ba abin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ka sake ta da zancen naka wurin. Kafin ka sa hannu a takarda, tambaye su ko ana zagayawa da ƙaramin kuku sashe-sashe, kuma bayan wata nawa. In suka ce a wurin yankan kayan miya za ka dawwama, nemi wani otal ɗin.