Amsa ga ƙanina na Daura kan maganar asibiti a Amurka

Ƙanina na ga tambayarka tun jiya, wai ya za a ce muna Amurka amma ana karo-karo a masallaci don wani ya kwanta asibiti, ba gwamnati ke biya ba? Wallahi ba haka abin yake ba. Nan in ba ka da inshorar lafiya to kwana biyu a gadon asibiti sai ya lashe abin da ka tara a shekara.

Akwai Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, tun 1965 aka kafa ta don talakawa, amma su talauci da alƙalami suke auna shi. A 2024 mutum ɗaya mai samun dala 15,060 a shekara shi ne a bakin iyakar talauci, gida mai mutum huɗu kuma dala 31,200. Na san ka fara bugawa da naira kana cewa ai wannan Alhaji ne a Daura, to cire haya da inshorar mota da cefane tukuna ka ga abin da ya rage. Dokar Obama ta 2010 ta buɗe hanyar faɗaɗa Medicaid, amma mu nan Texas har yau ba a yi ba, shi ya sa magidancin da ba shi da yara, ba tsoho ba kuma ba nakasasshe ba, komai talaucinsa ba ya samu, kuma wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Mutanenmu da yawa Uber suke ja, babu kamfanin da zai ɗauke musu inshora, in sun saya da kansu ma sai sun fara biyan dubbai daga aljihu kafin ta sa hannu. Sai ka ga mutum na fama da hawan jini yana ta daurewa har ya faɗi. Sashen gaggawa dole su karɓe shi, doka ce tun 1986, amma takardar bashi na biyo shi har gida.

To nan ne muke komawa irin ta gida. Liman ya yi sanarwa bayan Juma'a, a sa a gurup ɗin WhatsApp, mai dala ashirin mai ɗari kowa ya kawo, mata kuma su ba matar mara lafiyar kwasar adashi ko da ba layinta ba ne. Ba a ambatar sunansa a lasifika saboda mutunci.

Kuɗin maganin Inna zan turo ranar Juma'a in sha Allah, ka gaishe min da ita.