Tambaya da Amsa: Su Nguyen ɗin nan, duk 'yan gida ɗaya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ɗana na fari (kun san ba a faɗin suna) ya gama digirinsa na biyu a Melbourne ta ƙasar Ostiraliya. Ranar yaye su da sassafe muka taru a tsakar gida, ni da ƙannensa da maƙwabta, muna kallo a waya. Ana ta kiran sunaye bi da bi, da aka iso harafin N sai wani suna ya tare layi: Nguyen, Nguyen, Nguyen. Autata ta fara ƙirgawa da yatsu har hannu biyu suka ƙare ba a gama ba. Shi dai ya ce mini 'yan Biyetnam ne. To Malam, jikokin mutum ɗaya ne, ko sunan gari ne irin namu? Me ya kai su can da yawa haka? Kuma yaya ake faɗinsa, don mai sanarwar ma kamar haɗiye rabinsa yake yi.
Daga wata uwa, Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun, ya dawo miki da shi lafiya, ya sa ƙannen su bi sahu.

Bari in fara da faɗin sunan, don shi ne mai sauƙi. Ki ce "bango" a hankali, ki tsaya a tsakiya kafin harshenki ya saki g ɗin. Wannan gunjin da ya maƙale a hanci, shi ne farkon sunan. Muna da shi a tsakiyar kalma da ƙarshenta, kamar a "can" da "nan", sai dai ba ma fara kalma da shi, Turawa ma haka. Sai ki ɗora masa "wiyan" da sauri, duk a gaɓa ɗaya. Mutanen Amurka da abin ya gagare su sai suka yanke shi ya koma "Win", masu sunan da yawa kuma suka haƙura da hakan. Harshensu yana da karin sauti irin namu, yadda kukan yaro ya bambanta da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki. Mu karin yana cikin baki kawai, su kuwa har alama suke ɗora masa a rubutu: Nguyễn.

Ba sunan gari ba ne, kuma ba jikokin mutum ɗaya ba ne. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da tarihi a sakandare, na san wahalar rajistar da Sani bakwai ke ciki. Maganinmu a nan shi ne a liƙa wa yaro sunan ubansa ko na garinsu, shi ya sa muke da su Mamman Daura da Shehu Shagari da Aminu Kano. Su nasu tsarin daban ne. Sunan zuri'a ne da uba ke bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, ba ya canzawa. Al'adar daga Sin ta zo musu, don Sinawa sun mulki arewacin ƙasar kusan shekara dubu, tun shekara ta 111 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har 938, lokacin da Ngo Quyen ya karya rundunarsu a kogin Bach Dang. Harafin da Sinawa ke karantawa Ruan, shi bakin 'yan Biyetnam ya mayar Nguyen. A Sin har yau akwai masu shi, amma ba ya cikin manyan sunaye. A Biyetnam kuwa, ƙasa mai mutum kusan miliyan 100, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan huɗu cikin kowane goma, wasu masu lissafin su ce uku da 'yan kai. Ko wanne aka ɗauka, miliyoyin sun haura talatin.

Abin da ya kumbura shi haka, rigimar sarauta ce. A 1225 mulkin gidan Ly, wanda ya haura shekara 200, ya faɗa hannun gidan Tran ba tare da an ja daga ba. Sarkin ba shi da ɗa namiji, sai aka ɗora 'yarsa Ly Chieu Hoang, yarinyar da ba ta wuce shekara bakwai zuwa takwas ba. Wani gawurtaccen bafade, Tran Thu Do, ya ƙulla aurenta da ɗan ɗan'uwansa Tran Canh, shi ma yaro sa'anta, sannan aka sa ta sauka ta bar wa mijin gadon. Amma bafaden ya san muddin ana jin sunan Ly a bakin talakawa, wata rana wani zai tashi ya ce gadon kakansa yake nema. A 1232 aka yi shela cewa duk mai suna Ly ya koma Nguyen.

Hujjar da aka bayar ce za ta ba ki dariya, Hajiya, don irin taki ce. Kakan sabon sarkin sunansa na yanka Ly, cikakkensa Tran Ly, kuma a al'adarsu sunan sarki da na iyayensa ba abin ambato ba ne. Alkunya ke nan, irin wadda ta hana ki rubuta sunan ɗan farinki a wasiƙar nan, irin wadda ke sa a kira yaro Abba ko Baffa don ya ci sunan kakansa. Mu muna yinta don kara, shi kuwa ya yi ta don ya shafe gida guda daga tunanin jama'a.

Daga nan hanya ta buɗe. Da gidan Ho ya faɗi a 1407, da yawa cikin zuri'arsu suka shige cikin Nguyen don tsoron ramuwa. Gidan Mac ma haka bayan an kore su daga babban birni a 1592. Sunan ya zama kasuwa, wanda ake nema ya faɗa cikinta ya ɓace. Nakan kwatanta wa ɗalibaina da abin da ya faru a nan bayan jihadi: sarakunan Haɓen Katsina ƙafa suka ɗauka suka yi Maraɗi, na Daura suka yi Zango da Ɓaure, kowa ya tafi da sunansa da tamburansa. Nasu yawanci zama suka yi, sunan ne ya tafi. Ko da yake su ma an sami mai ɗaukar ƙafa, wani ɗan sarkin gidan Ly da ya shiga jirgin ruwa a 1226 ya sauka a Koriya, kuma zuri'arsa na can har gobe.

Sai kuma gidan Nguyen ɗin kansa ya yi sarauta. Tun 1558 suke riƙe da kudancin ƙasar, a 1802 Nguyen Anh ya haɗe ta duka ya hau da laƙabin Gia Long, ya kafa fadarsa a Hue. Sarki goma sha uku suka yi, na ƙarshensu Bao Dai ya sauka a 1945. A zamaninsu sunan ya zama inuwa: wani a ba shi kyauta don ya yi wa fada hidima, wani ya ɗauka don neman kusanci, wani don gudun tsohuwar gaba. 'Yan gidan sarautar na ainihi sukan ƙara Phuc a gaba, Nguyen Phuc, don kada a haɗa su da gayya. Saboda haka yaran da kika ji ana kira a jere, mai yiwuwa babu biyun da suka haɗa kaka, kuma Nguyen ya auri Nguyen ba wani abin magana ba ne a wurinsu.

Abin da ya kai su Melbourne kuwa yaƙi ne. Ranar 30 ga Afrilun 1975 sojojin arewacin Biyetnam masu ra'ayin gurguzu suka shiga Saigon, babban birnin kudu, gwamnatin kudu da Amurka ke mara wa baya ta rushe. A wannan shekarar Amurka ta kwashe kimanin mutum 130,000 zuwa sansanoni irin su Camp Pendleton a Kalifoniya da Fort Chaffee a Arkansas. Waɗannan su ne masu sa'a. Na bayansu a kwale-kwalen kamun kifi suka fita, musamman 1978 da 1979, jirgin da aka ƙera don mutum goma a cusa masa ninkin-ba-ninkin, ga ƙishirwa, ga guguwa, ga 'yan fashin teku a mashigin Tailan. Kimanin 800,000 suka kai gaɓa da rai tsakanin 1975 da 1995, waɗanda ruwa ya ci kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Akwai wani ɗan tsibiri a Malesiya, Pulau Bidong, wanda faɗinsa bai kai wata unguwar Katsina ba, amma a 1979 mutum kusan 40,000 ne a kansa suna jiran ƙasar da za ta karɓe su.

Ostiraliya ba ta daɗe da soke dokarta ta fifita farar fata wajen shiga ƙasa ba, a 1973, sai ga kwale-kwalen farko a Darwin cikin Afrilun 1976 da mutum biyar a ciki. Gwamnatin Malcolm Fraser ta buɗe ƙofa, dubbai suka shigo, suka taru a Cabramatta ta Sydney, da Footscray da Springvale da Richmond a Melbourne. Zuwa 2006 Nguyen ya zama na bakwai a yawa a ƙasar baki ɗaya. Ki ce wa yaronki kafin ya taho ya shiga jirgin ƙasa zuwa Footscray ya ɗauko miki hoton allunan shaguna, za ki ga abin da nake faɗa. In ƙamshin miyar taliyarsu da suke kira pho ya ja shi, ya dai tambayi yankan naman tukuna. Waɗanda kika gani da hular digiri, wasu jikokin mutanen kwale-kwalen nan ne, wasu kuma ɗalibai ne da iyayensu suka biya musu daga Hanoi ko Saigon, kamar yadda kuka biya wa naku.

A Amurka ƙidayar 2000 ta sa sunan a matsayi na 57, ta 2010 ta kai shi na 38 da mutum sama da 437,000. Sun fi yawa a gundumar Orange da San Jose da Houston.

Wani abin da nake jin daɗin faɗa shi ne labarin Jamus. Jamus ta Yamma ta karɓi masu gudun gurguzu, har wani jirgi mai suna Cap Anamur ya tsamo sama da 10,000 daga teku. Jamus ta Gabas kuwa 'yan ƙwadago ta ɗauko daga hannun gwamnatin gurguzun kanta, kusan 60,000 zuwa 1989. Da katangar Berlin ta faɗi sai ga Nguyen na wannan ɓangare da Nguyen na wancan a ƙasa ɗaya, suna ɗaya, amma iyayensu sun harbi juna. Ta wannan hanyar ƙwadagon ce suka cika Jamhuriyar Cek, inda suke da babbar kasuwa mai suna Sapa a Prague, har wasu matansu suka karɓi ɗafin da 'yan ƙasar ke yi wa sunan mace, suka koma Nguyenová. Na Faransa sun riga kowa, tun zamanin da ta yi wa Biyetnam mulkin mallaka.

Mu ma a Afirka ta Yamma an ɗan taɓa mu. Faransa ta kwashi sojojinta baƙar fata zuwa yaƙin da ta yi a Biyetnam daga 1946 zuwa 1954, cikinsu har da Seyni Kountché na maƙwabtanmu Nijar. Wasu sojojin Senegal suka dawo da mata 'yan Biyetnam, shi ya sa har yau ake sayar da soyayyen naɗinsu mai suna nem a titunan Dakar. Abincin ya zauna, amma da yake suna ta wajen uba yake bi, 'ya'yan sunayen Senegal suka ɗauka.

TAMBAYA: Baba Malam, barka da aiki. Ni ɗan Daura ne, ina dillancin ƙwallon kashu, nakan sauka Kogi in haɗa kaya. Masu sayenmu 'yan Biyetnam ne, kuma uku daga cikinsu duk Nguyen na ajiye su a WhatsApp. Rannan na tura wa ɗaya farashin da na yi wa ɗayan ragi, da ƙyar na gyara ɓarnar. Yaya zan riƙa kiransu?
Daga wani matashi, Daura.

AMSA: Ɗana, Allah ya kiyaye gaba, amma kai ka ja wa kanka. Ka ajiye mutum uku da Nguyen, daidai yake da ka ajiye rabin Daura da "Malam".

Su sunan zuri'a suke farawa da shi, na tsakiya ya biyo, na yanka ya zo ƙarshe, kuma da na ƙarshen ake kiran mutum ko da shugaban ƙasa ne. Nguyen Van Thieu, wanda ya mulki kudu daga 1967 zuwa 1975, Shugaba Thieu ake ce masa. Wanda ya fita daban shi ne Ho Chi Minh, da suke kira Bac Ho, wato Baffa Ho, shi ma ɗin sunan da aka raɗa masa Nguyen Sinh Cung. Na tsakiyan yakan taimake ka in ba ka taɓa jin muryar mutum ba: Van na maza ne, Thi na mata, ko da yake 'yan zamani sun rage sa su. Matar aure kuma ba ta ɗaukar sunan miji, da na ubanta take zama, kamar yadda addini ya koya mana.

A ce takardar ciniki ta zo da Nguyen Van Minh. Minh za ka ajiye. In ya ɗan girme ka ko sa'anka ne ka ce Anh Minh, wato Yaya Minh. Mace ka sa mata Chi a gaba, dattijo Ong, dattijuwa Ba. Sai dai ka lura, waɗanda suka saba hulɗa da Turawa sukan juya jerin su rubuta Minh Nguyen, to nan na farkon ne nasa. Takardar banki da ta jirgin ruwa kuwa kada ka yi musu gyara ko kaɗan, ka kwafe yadda yake a fasfo ko rajistar kamfaninsa harafi bayan harafi. Yau da daddare ka zauna ka sake wa mutanen nan uku suna a wayarka, ka haɗa kowanne da sunan kamfaninsa, kafin kakar kashu ta kankama.