Zan matsar da akwatin wuta: in yi wa kebul ƙari ko in sayi sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗakuna biyu a bayan gida. Kebul mai sulke, wanda 'yan kasuwa ke kira amod, mai kaurin mili 6, shi ya kai musu wuta daga cikin gida, tsawonsa mita 25 a binne. Yanzu na gina shago a jikin katanga, ina so akwatin rarraba wutar ya koma can, nisan mita 15. Zan sa firiza biyu da hita. Mai yi mini gyaran wuta ya ce a ɗaura ƙari, a naɗe da tef, a binne. In yarda, ko in sayi sabo gaba ɗaya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maganar tef ɗin nan ka ajiye ta gefe. Damina ɗaya ta isa danshi ya ratsa shi, bireka ta dinga faɗuwa, ka koma tonon tsakar gida kana laluben inda matsalar take. Abin da ya fi damuna ma shi ne sulken. Wayoyin ƙarfen da suka lulluɓe kebul ɗin ba don kare shi daga bakin diga kaɗai aka sa su ba. A gidaje da yawa su ne hanyar at, wato hanyar da wutar da ta ɓalle ke bi ta zurare maimakon ta kama mutum. In aka yanke su ba a haɗa ɓangarorin biyu ba, ranar da wuta ta taɓa jikin firiza ba ta da inda za ta zurare sai ta jikin wanda ya dafa.

Ƙari halal ne idan an yi shi yadda ya kamata. Mafi sauƙi, tunda bakin kebul ɗin yana nan a bango inda tsohon akwatin yake, a kafa akwatin haɗi wanda ruwa ba ya shiga, a ɗaure kowane baki da gilan ɗinsa na tagulla, wato maɗaurin da ke damƙe sulke a bakin akwati, a haɗa sulke da sulke da wayar at. Ko bayan shekaru ana iya buɗewa a duba. In dole haɗin ya shiga ƙasa, akwai kwanson haɗi da ake cikawa da gam mai daskarewa kamar dutse, shi za ka nema.

Amma kafin ka saye komai, a yi lissafi. Kebul ɗin jan ƙarfe na mili 6, in ya ɗauki amfiya 32, yana zubar da kusan volt 6 a mita 25. A mita 40 ya haura volt 9. Ƙa'idar Ingila, wadda aikin wayarin ɗinmu ya gada, ta ce kada layin fitilu ya rasa fiye da kashi 3 cikin ɗari, wato volt 6.9 cikin 230. Ga shi wutarmu sau da yawa dama a raunane take zuwa, firiza kuwa ba ta son haka. Da firiza da fanka ne kawai, sai in ce ka yi ƙarin. Da hita a ciki, ra'ayina ka daure ka ja sabon mili 10 tun daga babban akwati, wanda a wannan nisan asararsa ba ta kai volt 6 ba.

A kasuwa ka duba sunan kamfani da kauri a jikin kebul ɗin. Cutix da Coleman da Nigerchin duk a ƙasar nan suke yi. Ka sa a fere bakin, ka kankare silin da wuƙa: in fari ya bayyana, alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, ka bar musu kayansu.

Ramin ya kai rabin mita, yashi a ƙasa da sama, sannan tef ɗin gargaɗi. Sabon akwatin ya samu makarin yoyon wuta na miliamfiya 30. Ka nemi ma'aikaci mai shaidar NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki a Najeriya, ya kashe wuta daga tushe, janareta da inbata ma a cire su, kuma ya auna kebul ɗin da sulkensa a gabanka kafin a mayar da ƙasa.