Suna haddacewa amma ba sa ganewa

Tambaya: Ni malamin fizik ne a wata sakandare. Ɗalibai kusan 80 ne a ajina, kuma ba mu da ɗakin gwaji. Suna haddace dokokin Newton tsaf, amma da na juya tambaya kaɗan sai a yi tsit. Laifina ne ko nasu?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, ba a kanka farau ba. A farkon shekarun 1990, Eric Mazur, malamin fizik a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya tarar ɗalibansa na warware lissafi mai wuya, amma 'yar tambaya kan ma'anar abin da suka lissafa tana kayar da su.

Yaro ba ya shigowa aji da kai fanko. Tun yana wasan ƙasa ya riga ya yanke cewa babban dutse ya fi ƙarami saurin faɗowa, kuma abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi. Hadda ba ta tumɓuke wannan. Gefensa take raɓewa, ta yi aikin jarrabawa ta kama gabanta.

Don haka sai ka fito da tsohon tunanin fili. Riƙe duwatsu biyu, babba da ƙarami, ka tambaya wanne zai riga taɓa ƙasa. Kowa ya nuna zaɓinsa da yatsu a ƙirji, don kada a bi bayan gwanin aji. Ba su minti biyu kowa ya shawo kan na kusa da shi, ko da Hausa ne (hayaniyar za ta dame ka, ka daure). A sake zaɓe, sannan ka saki duwatsun tare, su ga sun taɓa ƙasa a lokaci guda. Wanda ya yi musu ya ga ya yi kuskure, da wuya ya manta.

A 1998 wani masanin fizik a Amurka, Richard Hake, ya duba sakamakon ɗalibai sama da 6,000. Waɗanda aka yi wa lacca zalla sun cike kusan kwatan abin da ba su gane ba a farkon zango, masu irin wannan muhawara kuwa kusan rabi.

Na san manhaja na da yawa, ga WAEC na jira. Ba kowane darasi za ka yi haka ba. Zaɓi wuraren da ka san yara na tuntuɓe kowace shekara. Sauran ranaku, buɗe aji da tambayoyi uku daga darasin makon jiya, littafi a rufe, ba tare da maki ba. Ƙoƙarin tunowa ya fi maimaita karatu sa abu ya zauna.