Tambaya da Amsa: Ratse Hanya Lokacin Kaka

Tambaya: Assalamu alaikum. Idan ina tafiya a kan kwalta lokacin kaka, na ga wata 'yar hanyar burji ta kutsa cikin gonaki, raina yakan biya in bi ta in ga inda ta nufa. Motata ƙarama ce, ba jif ba. Shin yin hakan ganganci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ganganci ba ne, kuma ba za mu hana ka ba. Kaka ce lokacin da ƙasa ta fi kyan gani, amfanin gona ya nuna, iska ta yi sanyi, abin da mai gudu a kan kwalta ba ya samun sukunin kallo. Sai dai kafin ka karya sitiyari, tsaya a gefe ka tambayi kanka: idan hanyar nan ta ƙi, ina da abin komawa?

Fara da mai. Ka kasa abin da ke tanki gida uku, ɗaya na shiga, ɗaya na dawowa, ɗaya ka ajiye ba ka taɓa shi. Kada ka yi lissafi da yadda motar ke sha a kan kwalta, domin a burji yawancin tafiyar a giya ta biyu da ta uku za ka yi, nan kuwa ta fi shan mai. Da zarar kason farko ya ƙare, juya, ko da gaba ta fi baya kyau. Haka ma rana: ka kama hanyar dawowa saura kamar awa biyu ta faɗi. Ramin da ka kauce wa cikin sauƙi da rana, fitila ba ta nuna zurfinsa da dare.

Sai ka buɗe but ka danna safaya da hannu, ko ka gwada ta da ma'auni. Mutane da yawa sai sun yi faci suke gano cewa safayar ma ba iska. A tabbata jak da sifanar taya suna nan, tare da guntun katako mai faɗi, saboda jak nutsewa yake yi a ƙasa mai laushi. Idan safayar siririyar nan ce ta wucin gadi, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma ba ta jure duwatsu.

Tun kana da sabis, sauke taswirar yankin a Google Maps, don wayar za ta ci gaba da nuna inda kake ko babu intanet. Aika wa wani na gida inda ka ratse da lokacin da kake sa ran fitowa. Mutum na farko da ka tarar, yi masa sallama ka tambaye shi lafiyar hanyar, kuma ka tambaya ko ƙananan motoci na bi. Inda babur da tarakta ke wucewa ba lallai taka ta wuce ba.

Ƙaramar mota tsakanin cikinta da ƙasa bai cika wuce santimita 15 ba. Manyan motoci kan zurfafa sawu biyu su bar tudu a tsakiya, idan ka bi sawun, tudun zai kankari kwanon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Ɗora tayoyin gefe ɗaya a kan tudun, ɗaya gefen a bakin hanya. In ka ji ƙarar duka a ƙasa, sannan jar fitilar baƙin mai ta kama, kashe inji nan take. Mintuna kaɗan ba baƙin mai sun isa ya yi nokin.

Gudu kuwa, kilomita 40 a awa ya wadatar. A kan tsakuwa birki na buƙatar tazara fiye da kwalta, ko da motar na da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙullewa idan an taka birki, don haka ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba.

Tambaya: Damina ta wuce amma har yanzu akan tarar da ruwa ya ratsa hanya. Yaya zan gane wanda zan iya ketarewa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya, wannan shi ne wurin da muka fi jin tsoro. Idan ruwan gudana yake yi, kada ki shiga. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa har jif yana tafiya da ita. Ban da haka, ba ki ganin abin da ke ƙasa, wataƙila ruwan ya riga ya cinye gefen kwalbati.

Idan kwantacce ne, sauka ki auna da sanda daga wannan baki zuwa wancan, ki ji ko ƙasan tauri ne ko laka. Kada ya kai tsakiyar taya. Ki shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ƙafa a kan totur ba ɗagawa, ba canza giya a tsakiya. Masu shiga da gudu su ne ke tura ruwa zuwa bututun da inji ke shaƙar iska. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda sai ƙarfen da ke tura fistin ya lanƙwashe. Saboda haka idan mota ta mutu a cikin ruwa, kada ki sake murza makulli, a jawo ta waje a kira bakanike. In kin fita lafiya, ki riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan kina tafiya har ya bushe.

Tambaya: Mota ta kafe a taɓo ko yashi, me ya kamata in fara yi?

Amsa: Ɗaga ƙafa daga totur. Duk juyin banzan da taya ta yi, kanta take haƙa wa rami. Miƙe sitiyari, ka kwashe ƙasar da ta taru gaban tayoyi da bayansu, ka tura ƙirare ko tabarmar roba ta cikin mota ƙarƙashin tayoyin da ke ja. A mafi yawan ƙananan motoci na gaba ne. Ja da baya ya fi sauƙi, tunda sawunka ya riga ya danne wurin. A yashi, rage iskar taya zuwa kamar 20 a ma'aunin iska na PSI, daga 30 zuwa 35 da aka saba sawa, na taimakawa, amma sai in kana da famfon mayar da ita, domin taya mai ƙarancin iska zafi take ɗauka a kan kwalta. Masu turi su kauce wa saitin taya, abin da aka sa a ƙasa yakan yi tsalle.

Tambaya: Na dawo daga hanyar gona sai na ji ƙaurin ciyawa, allurar zafi kuma ta ɗan hau. Mene ne?

Amsa: Busasshiyar ciyawa ce ta maƙale a salansa, ƙaiƙayi kuma ya toshe fuskar lagireto. Bari motar ta huce, ka leƙa ƙasa ka zare ciyawar, ka wanke lagireto da ruwa mara ƙarfi don kada siraran ganyayensa su lanƙwashe, a kuma kakkaɓe matatar iska. Kada a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Nan gaba in za ka tsaya kallo, nemi fili mara ciyawa, saboda zafin salansa ya isa ya tayar da gobara a ƙarƙashin mota, ta kama gonar da ba a girbe ba.