Tambaya da Amsa: An ce layin BRT zai cinye min shago a Madina

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da shagon atamfa a bakin titi kusa da Zongo Junction a Madina ta Akkara, ƙasar Gana, da shi nake riƙe marayu huɗu. Ana ta yaɗawa cewa za a miƙa layin BRT, wato manyan bas masu layinsu na kansu a kan titi, daga cikin Akkara zuwa Adenta, a faɗaɗa titi, a rushe duk abin da ke gefe. Wani mutum yana bin shaguna yana karɓar sidi 200, wai zai kai wa manya su karkatar da layin. Na kasa barci. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya marayu. Kada ki biya ko pesuwa ɗaya. Mutumin nan ɓarawo ne da tsakar rana, kuma abin da yake sayar muku ba shi da shi.

Hanyar Adenta ta daɗe cikin jerin hanyoyin da aka ware wa BRT, tare da ta Kasoa da ta Amasaman, kuma ba alƙalamin wani babba ya ajiye ta a nan ba. Fasinja ake ƙirgawa. Ana tsayawa a mararraba da sassafe a lissafa trotro, wato ƙananan motocin haya, nawa suka wuce cikin awa ɗaya, da mutum nawa a ciki, ina suka fito, ina za su sauka. Wanda ya taɓa ganin Zongo Junction da ƙarfe shida na safe ya san amsar. Sidi 200 ba ta kwashe wannan jama'a ta kai su wani titi.

Amma bari in tsaya a kan maganar faɗaɗa titi, don ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya. Kullum sai na ji ta, a tasha, a masallaci, har a bakin masu digiri: wai BRT sai an ƙara faɗin titi. Sam. Asalin dabarar, tun daga Curitiba ta ƙasar Brazil a 1974, ita ce a ƙwace layi daga titin da ake da shi, a killace shi da kankare, a ce bas kaɗai. Layi ɗaya bai wuce mita uku da rabi ba. Titin Madina zuwa Adenta kuwa tagwaye ne mai faɗi. Wanda ya kamata hankalinsa ya tashi shi ne mai jif da ke tafiya shi kaɗai cikin sanyin AC, don shi za a matse.

To nan gizo ke saƙar. Masu yanke hukunci su ne masu jif ɗin. Shi ya sa duk lokacin da aka zo zancen ƙwace layi sai murya ta yi ƙasa, a koma ga "mu faɗaɗa tukuna". Faɗaɗawa na cin maƙudan kuɗi, ga diyya, ga tone bututun ruwa da wayoyin wuta, aikin shekara biyu ya koma goma. Ko an gama, sababbin motoci su cika gurbin. Mun ga illar ƙin ƙwace layi da Aayalolo, bas ɗin da aka kawo Akkara da sunan BRT. An ƙaddamar da ita a ƙarshen 2016 daga Amasaman ta Achimota zuwa Tudu, an sayo mata motocin Scania 245 masu kyan gaske, amma a mafi yawan hanyar ba ta da layinta na kanta. Bas ta shiga cunkoso ɗaya da trotro, ga shi ba ta tsayawa inda fasinja ya buga ƙofa. Me zai sa a hau? Kafin 2018 ta ƙare an ajiye motocin na wani lokaci saboda bashi. Legas kuwa da ta shata layi da kankare daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, mutane suka yi ta bin layi don hawa bas ɗin. Ita wannan jita-jitar rusau, riba biyu take kawowa: mazambaci ya samu na cefane, jami'i ya samu uzurin cewa jama'a ba sa so.

Ban ce ba za a taɓa kowa ba. Inda ake buƙatar fili shi ne wurin tashoshi, da mararraba, da garejin kwana. Idan shagonki ya shiga filin da aka keɓe wa titi, wannan matsala ce da take nan ko babu BRT. Ki je ofishin majalisar La Nkwantanang-Madina ki nemi a nuna miki iyakar titin a taswira, ki adana takardar haya da rasit ɗin lasisi. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1992 ya wajabta biyan diyya ga wanda gwamnati ta karɓi dukiyarsa, kuma in kuɗin Bankin Duniya ne, ƙa'idarsu ta tanadi tallafi har ga ɗan haya.

Kuma in an kira taron jin ra'ayi, ku 'yan kasuwa ku cika wurin, ku tambayi yadda fasinja zai tsallaka zuwa tashar da ke tsakiyar titi. Wannan titin ne aka bar gadojinsa na ƙafa ba a ƙarasa ba, motoci suna kashe mutane, sai da jama'ar Adenta suka tare hanya a Nuwamban 2018 kafin a koma aikin. Mai karɓar sidi 200 kuma, ku haɗu da shugabannin kasuwa ku kai ƙararsa wajen 'yan sanda.