Baba yana shan Aldactone: in ƙara masa ayaba da ruwan kwakwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 68, muna zaune a Aboabo nan Kumasi. Yana fama da ciwon zuciya, ƙafafunsa na kumbura. Wata biyu ke nan da aka ƙara masa spironolactone, miligiram 25, a kan Lasix da lisinopril da yake sha tun da can. Maƙwabciyarmu ta ce duk maganin sa fitsari yana wanke fotasiyam daga jiki, shi ya sa kullum nake saya masa ayaba da ruwan kwakwa. Na kuma sayo masa gishirin masu hawan jini a Adum. In gwiwa ta matsa masa yakan sha diclofenac. Daidai nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Tun kafin ki kai ƙarshen amsar nan, ki ɗauke gishirin daga madafa, ki ɓoye diclofenac ɗin, sannan ki kai Baba gwajin jini cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Maƙwabciyarku ba ƙarya ta yi ba, rabin zancen ne ta ji. Lasix kam yana korar ruwa da gishiri ta fitsari, fotasiyam kuma, wato wani sinadarin jini da bugun zuciya ke buƙata daidai gwargwado, ya bi su ya fice. Amma spironolactone, wanda a wasu kwalaye za ki ga an rubuta Aldactone, akasin haka yake yi. Akwai wani sinadari a jiki, aldosteron, da ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta saki fotasiyam. Wannan ƙwaya toshe masa hanya take yi, sai ruwa ya fita, fotasiyam ya zauna. Lisinopril ma riƙe shi yake. Ga masu riƙewa biyu a jikin dattijon da ƙodarsa ba ta yi ƙarfin ta ɗan shekara talatin ba, ke kuma kina ƙara zubawa ta sama. Randa ce aka toshe ƙasanta ana ta ɗura ruwa.

Kada wannan ya sa ki tsani maganin. Wani babban bincike mai suna RALES da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa wannan ƙaramar ƙwaya ta rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin ɗari a tsakanin masu raunin zuciya mai tsanani. Magani ne da nake rubutawa da zuciya ɗaya. Sai dai bayan likitoci sun rungume shi, wani nazari na 2004 a Ontariyo ta ƙasar Kanada ya gano cewa masu kwanciya asibiti saboda fotasiyam ya yi musu yawa sun ƙaru sosai. Bambancin shi ne waɗanda ke cikin binciken farko ana auna jininsu a kai a kai, na waje kuwa ba kowa ba.

Abin da ya sa nake nacewa a kan gwaji shi ne fotasiyam ba ya sallama in zai hau. A jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0. In ya wuce 5.5 mukan rage maganin ko mu dakatar, in ya haura 6.0 kuwa maganar gaggawa ce, domin yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya. Mutum na iya kaiwa can yana zaune a ƙofar gida yana hira. Wasu sukan ji ƙafafu sun mutu, ko jiki ya yi lakwas, ko yatsu da leɓe suna tsattsarawa, ko zuciya tana bugu tana tsallake. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira gari ya waye, a nufi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa. Bisa ƙa'ida ana auna fotasiyam da aikin ƙoda kafin a fara, a sake bayan mako ɗaya, a sake bayan wata ɗaya, sannan lokaci-lokaci. Ba ki ambaci gwaji ko ɗaya ba a wata biyun nan, kuma wannan ya fi ayabar damuna.

Cikin abubuwa huɗun da kika lissafa, gishirin ne ya fi tayar mini da hankali. Ki juya robar ki karanta bayanta. Irin su LoSalt kashi biyu cikin uku gishirin fotasiyam ne aka sa a madadin gishirin gaske. Ƙaramin cokali ɗaya ya fi ayaba huɗu yawan fotasiyam, kuma a miya ake barbaɗa shi ba aune, da zaton ai lafiya ake nema. Ga wasu masu hawan jini yana da amfani. Ga Baba a'a.

Diclofenac da Brufen da 'yan'uwansu suna rage jinin da ke isa ƙoda, kuma suna sa jiki ya riƙe ruwa, wato suna warware aikin da Lasix ke yi. Na taɓa karɓar wani tsoho da ɗansa ya juye ledar magungunansa a kan teburina. A ƙarƙashin na asibiti akwai fallen ƙwayoyin ciwon jiki uku, kamfani daban, launi daban, duk diclofenac ne, yana haɗa su don yana zaton kowanne da aikinsa. Farasitamol ya fi dacewa da gwiwar Baba, in bai isa ba a gaya wa likita. Akwai kuma Septrin, da ake saya a kemis don tari ko ciwon mara. Shi ma yana ɗaga fotasiyam, kuma haɗuwarsa da spironolactone a jikin tsofaffi mummunar haɗuwa ce. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a tasha da cikin mota kuwa, tunda ba a san me ke ciki ba, a bar su.

Abinci bai kai haka tsanani ba. Ban ce a hana Baba ampesi da miyar kontomire ba. Doya, agada, wake, tumatir, fiya, lemu da ganye duk suna da fotasiyam, amma cinsu daidai misali ba ya kayar da mai ƙoda lafiyayya. A dafa doya da agada a ruwa mai yawa a tsiyaye ruwan, wani kaso yana tafiya da shi. Abin da za a daina shi ne mayar da ayaba da ruwan kwakwa kamar magani, safe da yamma. Kanwar da ake sa wa waakye, duk da Turawa na kiranta fotash, yawancinta sodiyam ne, ita tata illar kumburi ce.

Ranar da Baba ya kamu da gudawa ko amai, ko zazzaɓi ya hana shi ci da sha, jiki ya bushe, ƙoda ta ja baya, fotasiyam ya taru. A irin wannan rana a dakatar da spironolactone a kira likitansa, shi zai faɗi yadda za a yi da Lasix da lisinopril. Haka batun azumi: a je a zauna da likita tun a Sha'aban. Yinin ƙishirwa sannan a buɗe baki da tulin dabino da ruwan kwakwa ba abin wasa ba ne ga mai shan wannan ƙwaya.

Ya riƙa sha da safe bayan ya karya, don kada fitsari ya hana shi barci. In ya manta har washegari, kada ya haɗa biyu.

Akwai abin da Baba ba zai taɓa gaya wa 'yarsa ba. Kusan namiji ɗaya cikin goma a wancan binciken na 1999 ya samu kumburin nono ko ciwonsa. Dattawa da yawa kan jefar da maganin a ɓoye saboda kunya. Ki sa ƙaninki ko wani aminin Baba ya tambaye shi. In akwai, ana iya sauya masa da eplerenone, wanda bai cika yin haka ba. Ranar gwajin kuma ki tafi da ledar magungunansa duka, har da robar gishirin.